Zanen Bangon Laburare da Wanda Ya Biya Kuɗinsa

Duk wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci da takardar shaidarsa a aljihu, akwai wata ɗabi'a da kan kama shi, watau ba ya iya wuce rubutu bai tsaya ya haɗa baƙaƙensa ba. In ya shiga mota daga Gaya zuwa Kano, kafin a ƙetare gadar Wudil ya karance abin da aka rubuta a goshin motoci, da allunan kantuna, da sunayen makarantu. Wannan ɗabi'a kyakkyawa ce. Amma fa karatun bango hawa biyu ne. Na fari shi ne haɗa baƙi da wasali har kalma ta fito. Na biyu shi ne mutum ya tambayi kansa wa ya sa aka yi rubutun, me yake so a gaskata, me kuma ya bari bai rubuta ba. Domin a gwada wannan hawa na biyu, za a duba zanen da aka sassaƙa a jikin waɗansu ɗakunan karatu, waɗanda ake kira laburare, da wani attajiri ya gina a ƙasashen Turawa, sa'an nan a auna shi da zanen maginan ƙasar Hausa. Dalilin zaɓen wannan attajiri kuwa shi ne kuɗinsa sun iso har Nijeriya, kuma wani Bature da Kanawa suka sani ƙwarai yana da hannu cikin al'amarin.

Sunan attajirin Andrew Carnegie. An haife shi a shekarar 1835 a wani gari da ake kira Dunfermline, cikin ƙasar Sikotilan, arewa da Ingila. Ubansa masaƙi ne mai saƙa da hannu. Da injunan saƙa suka yawaita, sai sana'ar ta mutu a hannunsa, ya kwashe iyalinsa a 1848 suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka sauka a Allegheny, daura da birnin Pittsburgh. Tun yana ƙaramin yaro Carnegie ya shiga aiki a masaƙar auduga, ana biyansa dala 1 da santi 20 a mako. Daga nan ya zama masinja a ofishin waya, sa'an nan ya koma kamfanin jirgin ƙasa, daga bisani ya kama sana'ar narka ƙarfe, wadda ita ta ɗaukaka shi. A 1901 ya sayar da kamfaninsa a kan dala miliyan 480. Ya rasu a 1919.

Lokacin da yake masinja ba shi da kuɗin sayen littafi. To, akwai wani mutumin garin, Kanar James Anderson, mai littattafai wajen 400, wanda kan buɗe ɗakinsa ran Asabar ya ara wa yara ma'aikata littafi ɗaya ɗaya, su karanta su komo da shi mako mai zuwa. Wannan alheri bai taɓa fita daga zuciyar Carnegie ba. A 1889 ya rubuta wata maƙala inda ya nuna cewa abin kunya ne mai dukiya ya mutu bai rarraba ta ga amfanin jama'a ba. Tsakanin 1883 da 1929 an gina laburare 2,509 da kuɗinsa, 1,689 daga ciki a Amurka. Lalle alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza: ɗaki guda na Kanar Anderson ya haifi ɗakuna fiye da dubu biyu.

Zane uku za a duba. Na farko yana a Dunfermline, mahaifarsa, inda aka buɗe laburarensa na fari a 1883. Bisa ƙofar shiga an sassaƙa surar rana tana fitar da haske, tare da 'yan kalmomi masu kiran haske ya bayyana. Manufar a fili take, jahilci duhu ne, littafi kuwa fitila. Wannan zane ba shi da wahalar ganewa, ko wanda bai san baƙi ba ya ga rana ya fahimta, kuma nan ƙarfinsa yake. Rauninsa shi ne bai ɗaure kowa da alkawari ba. Kowane mai gini yana iya zana rana a ƙofarsa, sa'an nan ya kulle ƙofar ya sa mabuɗi a aljihu.

Na biyu yana a babban laburaren Pittsburgh, wanda aka buɗe a 1895. Bisa ƙofarsa an sassaƙa kalmomi huɗu na Turanci cikin dutse, ma'anarsu ita ce wurin kyauta ne ga jama'a. Can sama kuma, kusa da rufi, an jera sunayen marubuta fiye da 20, irin su Homer na tsoffin Girkawa, da Virgil na Rumawa, da Shakespeare da Milton na Ingila, da Goethe na Jamus. Da aka faɗaɗa ginin a 1907, aka ajiye mutum-mutumi huɗu na tagulla a zaune gabansa, Shakespeare domin adabi, Bach domin kiɗa, Galileo domin kimiyya, Michelangelo domin zane da sassaƙa.

Na uku shi ne abin tunawa da Carnegie ya sa aka yi wa Kanar Anderson a 1904, kusa da laburaren Allegheny. A sama akwai surar kan Kanar ɗin. A ƙasa akwai surar wani ƙaƙƙarfan ma'aikaci, ba riga a jikinsa, yana zaune bisa uwar maƙera, ya buɗe littafi yana karatu. Mutumin Gaya ba zai rasa jin wani abu game da wannan sura ba, domin labarin kaka da kakanni ya nuna cewa daga Gaya maƙeran nan Abagayawa suka tashi suka je Dutsen Dala neman tama, har aka ce sunan babbansu, Kano, shi birnin ya ci. Maƙeri da littafi a hannu abu ne da ya dace da tarihin garin.

Yabon gwani ya zama dole, saboda haka sai a fara da abin da ya yi kyau. Cikin zanen nan uku, kalmomi huɗun da ke bisa ƙofar Pittsburgh su suka fi daraja, ko da yake su suka fi ƙarancin ado. Dalili kuwa, alkawari ne da aka rubuta inda ba ya kankaruwa. A zamanin, yawancin ɗakunan karatu sai mutum ya biya kuɗin shiga ƙungiya kafin a ara masa littafi. Wanda ya sassaƙa kalmar kyauta a dutse ya ɗaure hannun duk hukumar da za ta zo daga baya, domin ran da ta ce a biya, talaka zai ɗaga yatsa ya nuna mata bisa ƙofa. Kuma Carnegie bai bar alkawarin ba tushe ba. Sharaɗinsa ga kowane gari mai neman gini shi ne garin ya ba da fili, ya kuma yarda zai riƙa fitar da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ginin kowace shekara daga haraji, don sayen littattafai da biyan ma'aikata da gyara. In gini ya ci dala 10,000, gari zai riƙa ba da 1,000 duk shekara, kamar yadda manomi ke fid da dami ɗaya cikin goma na hatsinsa. Da wannan dabara ya sa mutanen gari suka ɗauki ɗakin nasu ne, tun da guminsu ke ciyar da shi. Bai kuma sa sharaɗin sai an rubuta sunansa a ginin ba, ko da yake garuruwa da yawa sun rubuta.

Jerin sunayen nan na kusa da rufi kuwa, akwai magana a kansu. Dukan marubutan maza ne, kuma dukansu daga Turai suke ko Amurka. Yaron da ya ɗaga kai ya karanta su zai zaci nan iyakar masu hikimar duniya ke nan, alhali a lokacin da ake sassaƙa su, littattafan Larabawa da Farisawa da Indiyawa da mutanen Sin sun cika ɗakuna, a nan ƙasar Hausa ma Nana Asma'u ta yi shekara 30 da rasuwa, waƙoƙinta suna bakin mata daga Sakkwato har ƙauyuka. Ban da wannan, a 1894 da Carnegie ya ga jerin sunayen da aka shirya, sai ya rubuto wasiƙa yana faɗa, don an sa Dickens na Ingila an bar Burns, mawaƙin ƙasarsu. Wannan ya nuna cewa jerin da ke bisa bango, wanda mai wucewa ke ɗauka hukuncin masana ne, yana tafe da son zuciyar mai biyan kuɗi. Ba laifi ba ne mutum ya so mawaƙin ƙasarsa. Abin lura shi ne dutse ba ya gaya wa mai karatu cewa an yi gardama kafin a sassaƙa shi.

Babbar magana ita ce ta ma'aikacin nan da ke zaune bisa uwar maƙera. 'Yan mil kaɗan daga laburaren Pittsburgh akwai garin Homestead, inda babbar ma'aikatar ƙarfen Carnegie take a wancan zamani. A 1892 manajansa, Henry Clay Frick, ya nemi rage albashi da karya ƙungiyar ma'aikata. Da suka ƙi, ya rufe ma'aikatar, ya kewaye ta da shinge, ya ɗauko hayar 'yan gadi masu bindiga 300 a cikin kwale-kwale. Ran 6 ga watan Yuli aka yi ta harbe-harbe a bakin kogi, mutum 10 aƙalla suka mutu, yawancinsu ma'aikata. Gwamnan jihar ya aiko da soja wajen 8,000, kafin ƙarshen watan Nuwamba ƙungiyar ta karye. Carnegie yana Sikotilan duk wannan lokaci, bai hana ba. Bayan haka da yawa daga cikin ma'aikatan awa 12 suke yi a bakin wuta kowace rana. Shekara uku bayan wannan jini aka buɗe laburaren Pittsburgh, a 1898 kuma aka buɗe wani a Homestead kanta.

To, mutumin da ya yi awa 12 gaban narkakken ƙarfe, da wane ido zai karanta Milton? Surar tagullan ta nuna ma'aikaci mai hutu da littafi, alhali ma'aikacin gaskiya hutun ne aka hana shi. Wannan shi ne aibin sassaƙar, ta yi kyau a ido amma ta ba da shaidar da ba ta cika ba. Saboda haka waɗansu garuruwa, inda ƙungiyoyin ma'aikata ke da ƙarfi, suka ƙi karɓar kyautarsa. Haka kuma a kudancin Amurka, inda dokar wariya ke aiki a zamanin, akwai ɗakunan da aka gina da kuɗinsa aka hana baƙar fata shiga, sai dai a yi musu nasu dabam, kamar wanda aka buɗe a Louisville a 1908. A can kalmar jama'a ba ta haɗa kowa ba. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa Carnegie da kansa ya nuna cikin tarihin rayuwarsa cewa ba abin da ya taɓa yi masa ciwo kamar al'amarin Homestead. Amma nadamar tana cikin littafi a kan kanta, ba a sassaƙa ta a ƙofa ba.

Su kansu masu riƙe da kuɗin sun gane cewa ado yana cinye abin da ya kamata a kashe wa karatu. Sakatarensa, James Bertram, ya lura garuruwa suna zuba kuɗi a ginshiƙai da ƙubba da manyan zaure, wurin zaman mai karatu kuwa ya ƙuntata. A 1911 ya fitar da 'yar takarda mai nuna fasalin gini marar almubazzaranci. A shekarar ce kuma aka kafa Hukumar Carnegie a New York don ta ci gaba da rabon dukiyar. Hukumar ta sa wani masani, Alvin Johnson, ya zaga ya duba, ya tarar da gine-gine masu kyau da ba su da ma'aikatan da suka san aikin. Daga 1917 sai ta daina ba da sabon alkawarin gini, ta mai da hankali ga horon ma'aikata da littattafai.

Shi ya sa kuɗin Carnegie da suka iso Nijeriya ba su zo da dutse ko sassaƙa ba. A 1932 an buɗe laburare a Ikko da taimakon hukumar, amma sai mai biyan kuɗin shiga ke amfani da shi, saboda haka talaka bai san ana yi ba. A 1939 hukumar ta ɗauki nauyin binciken bukatar ɗakunan karatu a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingilishi. Mutum biyu suka yi shi, wata mace mai suna Margaret Wrong, da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, shi ne ya buɗe makarantar boko ta Nasarawa a Kano a 1909. Zamanin Yaƙin Duniya na Biyu En'e-En'e na Arewa suka buɗe ƙananan ɗakunan karatu, inda ake ajiye Gaskiya Ta Fi Kwabo da 'yan littattafai. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna. A 1960 makarantar koyon aikin laburare ta fara aiki a jami'ar Badun da kuɗin Hukumar Carnegie, Zariya kuma ta buɗe nata sashen a 1968.

Gidan da Ɗan Hausa ya zauna a Nasarawa yana nan, an mai da shi wurin ajiye kayan tarihi, kuma wanda ke son ganin abin da maginin Kano ke iya yi da ƙasa sai ya je can, gani ya kori ji. Da tubali ake ta da bango, a rufe da azara, a ɗaure baka daga ciki don ta ɗauki nauyin soro, a fid da zankwaye a kan kusurwa. Zanen kuwa, magini kan yaɓa ƙasa mai laushi a fuskar zaure, ya bi ta da hannu da 'yar wuƙa tun tana ɗanya, ya fitar da dagi da sauran layuka masu sarƙewa, sa'an nan a shafe da makuba don ruwa. A birnin Zariya, lokacin da attajirai suka sami kuɗin gyaɗa da auduga, magina sun riƙa zana takobi da keke da mota a fuskar gidaje.

In aka auna wannan da na Pittsburgh, za a ga kowanne da inda ya fi. Dutse ya fi daɗewa, amma daɗewar tasa tana iya zama ruɗi, domin kalmomin za su zauna garau ko da littattafan ciki sun ruɓe. Zanen ƙasa ba ya iya wannan yaudara. In damina biyu ko uku ta wuce ba a yi yaɓe ba, dagin zai zube, kowa ya san masu gida sun yi sakaci. Watau abin da Carnegie ya nema da sharaɗin ɗaya cikin goma, ginin ƙasa yana neman sa da kansa kowace kaka. Kuma dagi bai ware kowa ba, ba sunan wata ƙasa a jikinsa, mai boko da mai allo duk ɗaya suke a gabansa. Ga Musulmi kuma ya kuɓuta daga matsalar mutum-mutumi, wanda malamai suka yi hani da shi.

Amma zanen Hausa ma yana da nasa aibi, kuma irin na Carnegie ne. Keke da motar da ke fuskar zaure arzikin mai gida suke shela. Maginin da ya hau tsani ya yi aikin kuwa, da wuya a tuna da shi bayan jikokinsa. Cikin dubban magina da suka yi aiki a ƙasar nan, wanda sunansa ya fi tsira shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Jumma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846. Saura sun tafi kamar yadda masu narka ƙarfen Homestead suka tafi. A nan da can, bango mai kuɗi yake tunawa, ya mance da mai gumi.

Wannan magana ba ta tarihi kaɗai ba ce. Ƙasar Kano ba ta rasa attajirai masu gina masallatai da makarantu, kuma ba abin mamaki ba ne wata rana wani ɗan Gaya ko na Ajingi da Allah ya buɗa wa ya ce zai gina wa garinsu laburare. Ran nan mutanen gari, musamman waɗanda suka sha wahalar koyon karatu da girmansu, su ya kamata su faɗi abin da za a rubuta a bango. Bisa ƙofa a sa alkawarin cewa shiga kyauta ne ga namiji da mace, a rubuta shi da boko da ajami, don almajirin tsangaya ya san da shi ake. In za a jera sunaye, kayan aro ba ya rufe katara: ga Shehu Magili wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Rumfa, ga Ɗan Marina da Ɗan Masani na Katsina, ga Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi, ga Nana Asma'u, ga Alhaji Umaru na Salga wanda haifaffen Kano ne, ga Abubakar Imam da Sa'adu Zungur. Ba laifi a sa na waɗansu ƙasashe tare da su, gama ilmi ba shi da gari. A gefe guda a rubuta sunan magini da na masu zane. Sunan mai kyautar ma a sa, domin godiya wajibi ce, amma a ƙarƙashinsa a rubuta abin da ya bari wakafi don ciyar da ɗakin, gona ce ko kanti, yadda kowa zai iya bin sawunsa.

Malamai sun karantar da cewa ilmin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladansu ke bin mutum har kabari, sun kuma yi kashedi da riya, da cin haƙƙin ɗan ƙodago. Mai son gina laburare sai ya fara biyan leburorinsa cikakken haƙƙinsu, ya kuma bar musu lokacin da za su shiga ɗakin su zauna. Mai karatu kuwa, in ya ga suna a bisa ƙofa ya yi wa mai shi addu'a, sa'an nan ya shiga ciki ya ƙirga littattafan, ya duba ko akwai mai kula da su, ya tambayi sa'ar da ake buɗewa. Allah ya ƙara wa masu bayarwa ikhlasi, ya ƙara wa masu karatu basira, amin.